Rumanar Uwata a Bokitin Fenti

Ni ban yi boko ba, kuma ban taɓa jin na rasa wani abu ba. Faɗa nake yi ana rubutawa, na kuma ce duk inda aka gyara mini magana ban yafe ba. Masu boko na zauna da su a gida, na zauna da su a Dubai, iyakarsu kuwa a kan bokitin fenti na gan ta.

Bari in fara da rumana, don yanzu ko a gida sai ka tara mutum goma ba ka sami wanda ya san ta ba. Tsiro ce ta damina. Ganyenta dogo mai tsini kamar takobi, yana fitowa a jere kamar an buɗe mafici. Idan ta tasa sai ta fid da sanda guda, furanni su jeru a jiki, ja mai ruwan lemo, cikinsu rawaya, duk sun fuskanci gefe ɗaya kamar sahun salla. Amma furen ado ne kawai. Abin yana ƙasa. Wani ƙwai ne kamar albasa, sai dai dunƙulalle, ba ya ɓarewa falle-falle, jikinsa naɗe da zare kamar raga. Kowace shekara sabon ƙwai yakan hau kan tsohon ya shanye shi, sannan ya zuba 'ya'ya ƙanana a gindinsa. Da ruwa ya ɗauke sai ganyen ya bushe ƙarau, wanda bai sani ba ya ce ta mutu. Barci take yi. A wannan barcin ba ta son ko ɗigon ruwa.

Uwata ce ke da ita a bayan ɗaki, ita ma wurin uwarta ta samu, da na yi aure kuma ta ba ni iri na shuka a bayan nawa ɗakin. Mai atuni, wanda cikinsa ke murɗawa yana zuba majina da jini, wurinmu ake kawo shi. Sai ta ɗauko busasshen ƙwan, ta kankaro da bakin wuƙa daidai abin da zai zauna a kan farce, ta kaɗa a kunun tsamiya. Mai murar da ta toshe kai kuwa garin yake shaƙa, ya yi ta atishawa har hawaye su zubo. Masu jakuna ma suna zuwa idan dabba ta kama zawo, amma su akwai tasu daban, rumanar doki, ta fi tamu gautsi. Dokar uwata biyu ce: ba a ba mai ciki, kuma ba a ƙara awo don ciwo ya yi tsanani. Na taɓa ganin wani mai gaggawa da ya ninka a ɓoye, ya wuni yana amai kamar zai fid da hanjinsa. Uwata ko sannu ba ta ce masa ba.

Bayan maigidana ya rasu aka raba gado, aka sayar da gidan. Wanda ya saya ya shafe tsakar gidan da siminti har bayan ɗaki. Wadda ke fitowa da kanta a daji, gindin dutse, kuwa maganin feshi ya riga ya gama da ita. Kafin masu siminti su zo na tona, na sami ƙwai uku masu kyau. Su ke nan suka rage daga hannun uwata, su na ƙulle a tsumma na cusa cikin kuka da daddawa lokacin da ɗana ya aiko mini da biza.

Ɗan fari ne, ba na kama sunansa. Aikin kago yake yi, yana da wurin ajiye kaya a Al Quoz inda ake loda kwantena. Ya ce in zo a duba mini gwiwa in huta. Na zo na tarar da abin da ake ta kuranta mana a gida: filat a Al Nahda, hawa na bakwai, ɗaki uku, gida biyu a ciki, kicin ɗaya. Mutum yana ɗakinsa yana jin maƙwabcinsa na kuskure baki. Ba tsakar gida, ba zaure, ba inda za ka taka ƙasa da tafin ƙafarka. Wai nan ne Dubai.

Na ce wa surukata ina son ƙasa. Ta ce, "Hajiya, wace ƙasa?"

"Ƙasa dai. Wadda Allah ya shimfiɗa."

"Ai sai an saya."

Na zaci ba'a take yi. Washegari sai ga ɗana da leda mai hoton fure, wai ƙasar ke nan, daga wata ƙasar Turai aka kawo ta. Baƙa wuluk, ba nauyi, kamar dussa. Garin da ake sayar da ƙasa a leda, kuma mutanensa suna tafiya suna ɗaga hanci! Na sa ya ɗebo mini yashi na gauraya, ya kuma kawo mini bokitin fenti daga wurin aikinsa. Na huda gindin da ƙusa na ajiye a baranda.

A nan zan faɗi laifina, don ba na son wani ya riga ni. Na lissafa da watan gida. Na ce yanzu can ruwa ya sauka, sai na binne ƙwai ɗaya. Ban san zafin garin nan ba irin namu ba ne. Namu zafi ne na rana, nasu kamar an kifa maka tukunyar wankan jego. Kwana goma na tona na tarar ƙwan ya dahu, yatsa na shiga. Ban gaya wa kowa ba. Saura biyu.

Na biyu ɗana ne ya ci shi. Ya sayi wani abinci a wurin lebura, cikinsa ya ɓaci, mako guda yana haɗiyar ƙwayoyin kemis yana zarya. Mutum ya zabge, wandonsa na zamewa. Na ce a dama kunun tsamiya. Surukata ta tsaya a bakin kicin tana murza hannu.

"Hajiya, da dai an koma asibiti."

"A koma mana. Ni na hana? Amma kafin ku gama neman takardarku bari ya sha abin da ya sha yana goye."

Na fasa ƙwan, na shanya, na kankara. Ya sha sau uku, ranar ta uku ya nemi tuwo. Surukata ta ce ai ƙwayoyin ne suka fara aiki. Na ce to, Allah ya ƙara musu lafiya. Abin da ya rage na garin, yaran lodinsa suka ƙarar da shi cikin wata biyu, kullum da mai aiko da gaisuwa. Saura ƙwai ɗaya. Daga ranar na daina kwana ba tare da na taɓa ƙullin tsumman nan ba.

Wadda ta fitar da ni kunya wata 'yar Gana ce, daga Zangon Kumasi, tana shara a wani otal, tana zaune a hawan da ke ƙasanmu. Hausarta abin dariya ce, ba ta san mace ba ta san namiji ba, kowa "ya zo" ne. Ranar da ta ce mini "Mma, surukarki ya haihu nawa?" sai da na riƙe bango. Amma tana da ido, kuma idan babba na magana tana yin shiru.

Wata Juma'a ta ɗauke ni muka tafi Bur Dubai sayen yadi. Muka hau abra, kwalekwalen da ke ƙetare da mutane, ina riƙe da mayafinta ina salati tana dariya. A wani lungu, wajen masu sayar da furanni, na tsaya cak. Ga dangin rumanata a cikin bokiti, dami-dami, farare da masu ruwan hoda, sun yi ƙiba kamar 'ya'yan masu kuɗi. Na ɗago ɗaya na duba ƙasanta. An yanke.

Na ce, "Tambaye shi ina gindin."

Ta tambaya da Turanci. Mutumin ya girgiza kai yana murmushi.

"Mma, ya ce ba gindi. A jirgi yake zuwa haka. Otal ɗinmu ma ana sa shi a tebur, kwana uku mu zubar."

Wato su ɗauki abin da ba ya magani su biya masa kuɗin jirgi, su bar maganin a ƙasa. Na mayar masa da abinsa. A hanyar dawowa na ba ta labarin ƙwan da ya dahu, ita kaɗai na gaya wa. Ta ce masu lambun otal ɗinsu ba sa shuka komai sai sanyi ya shigo, nan garin sanyinsu shi ne daminarsu. Ta kuma ce kar in yi amfani da ruwan famfo, in tara wanda ke ɗiga daga esi, na'urar sanyaya ɗaki.

Bayan ƙaramar salla iska ta sauya. Na yi bisimilla na binne na ƙarshe, zurfin yatsa uku. Kwana goma sha biyu ba labari. Ran na sha uku na ga tsini kore ya huda ƙasa, na zauna a kan tayil na yi kuka, na goge kafin surukata ta fito. Bayan layya da 'yan kwanaki ta yi fure, guda tara, suna buɗewa daga ƙasa zuwa sama. Ga dogayen gine-gine, ga motocin masu tafiya Sharjah sun cushe titi tun asuba, ga rumanar uwata a hawa na bakwai tana kallon gabas. Surukata ta ce a yanka a sa a kwalba a falo. Kallo ɗaya na yi mata ta koma kicin.

Furen ya kaɗe, ganyen ya fara rawaya, na janye ruwa. A daidai lokacin ne maƙwabtanmu na ɗakin ƙurya suka tashi, aka kawo sabon ɗan haya da matarsa. Mutumin Nijar ne, yana sayen wayoyi yana aikawa gida. Ya yi karatun Faransanci har ya kai inda ba ya iya faɗin magana uku bai jefa "buwala" ba. Mutanensu idan sun zo suna kiransa Mushe, wai haka ake girmama mai ilimi a wurinsu. A garinmu mushe dabbar da ta mutu ba a yanka ba ce. Na ce tunda shi ya amsa, ni wace ce da zan canza masa?

Ba mugu ba ne, wannan zan faɗa. Yana gaishe ni har ƙasa, yana kawo mini dabino. Cutarsa ɗaya: babu abin da bai sani ba. Ya koya wa surukata dafa shinkafa. Ya koya wa ɗana aikin kago. Wata rana ya same ni a baranda ina duba bokitin.

"Maman, ina wuni, lahiya lau? Mi aka shuka a nan?"

"Rumana."

"A'a! Rummana! Buwala. Maman, wannan ai itacen Aljanna ne, sunanshi na cikin Alƙur'ani. Da Faransanci garanad. Amma ya mutu, ba a ba shi ruwa."

"Mushe, rumman daban, rumana daban. Rumman na sha shi tun ba a haifi uwarka ba. Wannan ƙwai take yi a ƙasa."

Ya yi irin dariyar da likita ke yi wa mara lafiya. "Maman, kalma ce ta Larabci. Rumman jam'i, rummana guda ɗaya. Ku je kasuwa ku tambayi kowane Balarabe. Ku mutanen Najeriya ne kuka lanƙwasa ta."

"To Balaraben ne ya shuka mini?"

"Dakwar, Maman, dakwar," in ji shi, yana ɗaga hannu, wai "na yarda" ke nan da Faransanci. Wanda ya ce maka dakwar sau biyu bai ji ka ba. Wannan daga baya na gane.

Watan Maulidi ɗana ya biya mana Umra ni da surukata. Na so in tone ƙwan in tafi da shi, amma ganyen bai gama bushewa ba, kuma idan ka tone da wuri ƙwan ba ya ƙoshi. Na ja bokitin inuwa. Na ce wa ɗana kar a taɓa, kar a zuba ruwa. Ya ce inshallah, yana danna waya. Shi da ke fita kafin rana ta fito, sai ta faɗi ya dawo, barandar ma bai san launin tayil ɗinta ba.

Mako biyu muka yi. Muka sauka da hantsi, ɗana ya ɗauko mu. Ko mayafi ban cire ba na nufi baranda, sai na ga Mushe ya riga ni, ya sa farar riga, matarsa na bayansa, yana washe baki kamar an yi masa haihuwa.

"Maman, Umra maƙbuliya! Ku rufe ido. Buwala!"

Babu bokitin fenti. A wurinsa wata tukunya ce shuɗiya mai ƙyalli, cikinta ɗan itace mai ƙananan ganye, har da jan ƙyalle an ɗaura masa.

"Rummana ta gaskiya, Maman. Na ga taku ta mutu, na ce tsohuwa za ta dawo ta yi baƙin ciki. Har lambun masu sayar da itace na tahi. Kullum sau biyu nike ba ta ruwa."

Na kama ƙarfen baranda. Na fito daga ɗakin Allah, ban so kalmar farko da za ta fito daga bakina ta zama zagi ba.

"Ina bokitin?"

"Wannan tsohon? Na jefar."

"Ƙasar cikinsa fa?"

"A'a, ba na ɓarna, Maman. Ita na zuba a ƙasan tukunya. Har wata albasa na samu a ciki, na sassara ta da wuƙa don ta zama taki."

Ɗana ya ce, "Hajiya, ki zauna tukuna, ki sha ruwa."

"Kai, matsa."

Da gwiwar da ake cewa ba ta aiki na ja tukunyar nan har tsakiyar falo. Na kama itacen na fizge na miƙa wa Mushe, ya karɓa da hannu biyu kamar jariri. Na kifar da tukunyar a kan kafet ɗin surukata. Ta ce "Wayyo, Hajiya!" Ban ko waiwaya ba. Na zauna na zura hannu cikin taɓon.

Warin ne ya fara gaya mini. Na sami ƙwan gida huɗu, ya yi baƙi, yana narkewa a yatsuna kamar ruɓaɓɓen dankali. Ya fi wanda na shuka girma sau biyu. Abin da ya bi hannun mata uku, ya tsira daga fari, ya tsira daga siminti, ya zo ya mutu a hannun mai karatu da wuƙar yanka albasa.

Mushe ya ce, "Maman, in albasa ce, akwai ta a kanti, kilo..."

Matarsa ta taka masa ƙafa. Ita ba ta yi karatun ba.

Hayaniyar ce ta hawo da 'yar Gana, ranar tana hutu. Ta tsaya a ƙofa ta dubi ƙasa, ta dube ni. Ba ta ce sannu ba, ba ta ce haƙuri ba.

Ta ce, "Mma, ba ke kin ce yana zuba yara a gindi ba?"

Na ɗago na dube ta. Sau ɗaya na faɗa mata wannan, a kan abra, injin na ƙara.

Na ce, "Rariya."

Surukata ta ce, "Ta garin tuwo ce fa, Hajiya."

"Ita nake nufi."

Muka shimfiɗa zani a baranda, muka baza ƙasar ta sha iska, muka yi ta tankaɗe da kaɗan-kaɗan, ni da 'yar Gana. Duwatsu, saiwar rumman, guntun leda. Wajen azahar wani abu ya yi ƙwas a rariyar, kamar ƙwayar wake, ruwan ƙasa, mai tsini a kai. 'Ya'yan rumana ɓawonsu tauri gare shi, ruwa ba ya saurin shiga. Har la'asar muna yi, muka tara tara. Na danna kowace da farce. Uku sun lotsa. Shida suna nan da ƙarfinsu.

Duk wannan lokacin Mushe na tsaye da itacensa a hannu, ƙasa na zuba a kan farar rigarsa. Da ya ga na ƙulle su a bakin mayafi sai ya durƙusa.

"Maman, ku gafarce ni. Alheri na yi nufi."

"Na sani. Shi ya sa ban ɗaga maka hannu ba. Tashi."

Ya tashi, ya kai ƙofar ɗakinsa, sai ya juyo. "Amma dai kalmar, Maman, asalinta Larabci ne."

Na ce wa matarsa, "'Yar nan, Allah ya ba ki lada."

Ɗana ya yi ta ba ni baki, wai zai sa a nemo mini wata a gida. Na ce a ina, a ƙarƙashin simintin? Na ce ya nema mini tikiti kafin ruwa ya sauka a can, gwiwar ta warke. Ba ta warke ba, har yau da ita nake kwana.

Kafin in tafi na kira 'yar Gana na ba ta biyu. Na gaya mata awon farce, na gaya mata dokar mai ciki, na sa ta maimaita sau uku. Surukata tana zaune a wurin, ta ga ban miƙa mata ba, ta ce ita ai dama ba ta da hannun shuka. Na ce gaskiya ne.

Huɗun na kawo gida, na shuka a gidan ƙanena inda nake zaune yanzu, gefen rijiya, na kewaye da ƙaya saboda awaki. Uku suka fito, sirara kamar ciyawa. 'Ya'yan rumana ba sa fure a shekarar farko, ba sa yi a ta biyu. Damina uku ina korar masu shara daga wurin, kowa na cewa tsohuwa ta rikice tana gadin ciyawa. A ta ukun guda ɗaya ta fid da sanda. Bana sun kai goma sha ɗaya, na fara kankara wa mutane.

Itacen rumman kuwa, surukata ta mayar da shi cikin shuɗiyar tukunyarsa, Mushe ya ci gaba da ba shi ruwa sau biyu a rana. Duk sanda ɗana ya bugo waya nakan tambaya ko ya yi ɗa. Shekara huɗu ana ce mini ganye dai yake yi, har Mushe ya tashi daga gidan ya bar musu shi.